Wayar Bodi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na duba agogon hannuna, na kuma rubuta shi a littafina a ranar. Dawowata ke nan daga sallar la'asar a gidan da ke bayan gareji, sai na tarar da Kawu tsugune gaban akwatin batir, sifana mai lamba goma sha uku a hannunsa, yana kwance abin da na ɗaure da safe.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mai garejin wayarin motoci a Ƙauran Namoda, ta bakin hanyar da ke fita Shinkafi. Ni kuwa ɗalibar lantarki ce, a shekarar da ake tura mu waje koyon aiki na wata huɗu. 'Yan ajinmu sun watsu Gusau da Kano. Inna ta ce hanya ba ta da kyau, babu inda zan je, ta ɗauki mayafi ta tafi ta roƙi ƙaninta ya karɓe ni. Makaranta ta ba kowannenmu littafi mai lamba a kowane shafi. Kullum mu rubuta abin da muka yi, a ƙarshe mai wurin ya sa hannu ya buga hatimi. In babu wannan sa hannun, sai a maimaita shekara. Ni ba ni da shekarar da zan maimaita, domin Baba ya riga ya ce wannan ce ta ƙarshe, ko na gama ko ban gama ba.

Wata uku na farko ban taɓa wayar mota ba. Shara nake yi, in wanke kawunan batir da ruwan zafi, in jera sifanu a jikin allo kowacce bisa ƙusarta, sannan in zauna a benci da littafi. Ba ni da yawan magana tun ina ƙarama. In mutum ya kalle ni yana jiran amsa, sai muryata ta maƙale a wuya. Mai waldan da ke rumfar kusa da mu, wani ƙato mai baƙin tabarau da ba ya cirewa ko wajen cin abinci, shi ya sa mini suna Injiniya. Da safe zai ɗaga murya ya ce, "Injiniya, an kwan lahiya? Yau mi za a ƙera mamu, jirgin sama?" Masu jiran gyara su yi dariya, ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da shara.

Sai ga tirelar Dokta.

Dokta likitan dabbobi ne, Kirista, mutumin Filato, ya daɗe a Ƙaura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Yana da wani ɗan ɗaki mai taya biyu da yake ja da tsohuwar motarsa, wanda ya sayo ta wajen Maraɗi. A ciki akwai gado, da kabad, da ƙaramin firji inda yake ajiye allurar rigakafin shanu. A kan rufin akwai faifan sola biyu, a gaba kuma, bisa wuyan da ake ɗaurawa jikin mota, akwatin ƙarfe mai ɗauke da manyan batura biyu. Mutanen gari kunkuru suke ce wa tirelar, wai tana yawo da ɗakinta. Damuwar Dokta ɗaya ce. Ba ya sanin yawan wutar da ta rage a batir sai firji ya mutu, ruwan rigakafi kuwa in ya yi ɗumi ya tashi daga aiki. Don haka ya aika aka sayo masa mitar batir daga Kano, ya kawo a ɗaura masa.

Kawu ya juya kwalin, ya zazzage kayan a kan benci, ya ɗauki takardar bayani ya ga Turanci ne ƙanana ƙanana. Sai ya jefo mini ita a cinya.

"To, ga ranarku 'yan boko. Karanta muna mu ji."

Sau uku na karanta ta. Kayan guda uku ne: fuskar mitar da za a kafa a cikin ɗaki, da doguwar siririyar waya, da wani guntun ƙarfe mai noti biyu, ɗaya a kowane gefe. Ni gada na riƙa ce masa. Shi ne dukan sirrin. Ana ɗaura gefensa ɗaya a kan batir ta wajen baƙar waya, sauran baƙaƙen wayoyi duka a tattara su a ɗaya gefen. Duk wutar da za ta shiga batir ko ta fita sai ta taka gadar, mita ta ƙidaya ta. Kamar ƙofar kara ce ranar kasuwa, inda mai ƙidaya yake tsaye yana lissafa shanu. Saniyar da ta tsallake ta bayan shinge, ba ya ganinta, a wurinsa tana ciki har gobe.

Na yi wa Dokta wannan bayanin a hankali, idona a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wa Kawu, "Maigida, bar mini yarinyar nan ta yi aikin. Ta gane shi." Kawu ya ɗaga kafaɗa ya ce ai kayan Dokta ne.

Kwana biyu na yi a kai, kuma har yau ban yi wani aiki da na so kamarsa ba. Na fara da zane. Na bi kowace waya daga bakinta har gindinta, na liƙa mata filasta na rubuta sunanta: sola, fitila, firji, fanka. Fuskar mitar na kafa ta kusa da ƙofa, daidai idon mutum, don Dokta ya leƙo ya gani ba sai ya shiga ba. Siririyar wayar ce ta ba ni wahala. Daga akwatin batir zuwa ƙofa dole ta bi ta ƙarƙashin tirela, hanyar Shinkafi kuwa duk ramuka ce, wayar da ta gogi ƙarfe ba za ta yi wata guda ba. Na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙasa, na ɗaure hijabina a wuya don kada ya kama wani abu. Na zura wayar cikin tsohon tiyon ruwa, na bi da ita ta cikin kwarin ƙarfen gindi, nesa da taya, nesa da manyan wayoyi. Kowane taƙi biyu na ɗaure. Inda na huda daɓen katako don ta hau, na yanki robar tayar babur na naɗe bakin ramin. Na bar mata ɗan rara a wajen wuya saboda lanƙwasa. Mai walda ya leƙo ya ga ƙafafuna kawai a waje, ya ce, "Kai jama'a, kunkuru ya haihu!" Ranar ko a jikina.

Abu na ƙarshe shi ne wayar bodi. Wata kakkaurar waya ce saƙaƙƙiya da ta haɗa kan batir da ƙarfen jikin tirela. A wajen masu wayarin motoci, in baƙar waya ta gaza tsawo ba a neman ƙari, sai a ɗaure ta a jikin ƙarfe mafi kusa, a ce an ba ta bodi. Wanda ya yi wa tirelar wayarin tun farko haka ya yi wa firji da fitilu. Wutarsu ta ƙarfe take komawa batir. Don haka ranar Laraba da safe na kwance wayar bodin daga kan batir, na mayar da ita bayan gada, inda sauran suke. Na kunna firji, mita ta nuna wuta tana fita. Na kashe, ta tsaya. Na yi haka sau biyar don daɗin gani kawai.

Wannan wayar ce Kawu yake kwancewa da na dawo daga salla.

Na tsaya a bayansa. Akwai mai walda, da direbobi biyu masu jiran gyara a kan benci.

"Kawu, ba nan take ba."

Bai juyo ba. "Mi kinka ce?"

"Wayar bodin. In ta koma kan batir, mitar ba za ta ga firji ba. Za ta ga wutar sola tana shiga, ba za ta ga tana fita ba."

Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a garejin ba. Sai mai walda ya tafa hannu.

"Awo! Maigida, yau an kai ka makaranta. Ɗauko allo."

Direbobin suka fashe da dariya. Na ga bayan wuyan Kawu ya ɗaure. Ya ɗora wayar a kan batir, ya ɗaura noti, ya ja shi da sifana har akwatin ya yi ƙara. Sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Ke, tun uwakki ba ta san za ta haihe ki ba nike ɗaure bodi bisa kan batir. Duk motar da ab bisa hanyar ga haka take. Wanga ɗan ƙarhen naki in ya ƙone, wa za shi biya mutane? Tahi ki ɗebo ruwa ki wanke hannunki."

Na tafi na ɗebo ruwa. Da na zauna a benci na buɗe littafina a shafi na sittin da uku. Na yi zane biyu, ɗaya yadda na ɗaure, ɗaya yadda aka mayar. Na rubuta lokaci, na rubuta cewa mai gareji ne ya mayar. Ban yi don wani ya gani ba. Haka nake, abin da ya faru nake rubutawa.

Washegari Dokta ya zo ɗaukar tirela. Mita tana nuna ɗari bisa ɗari, ya tsaya yana kallonta yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Ya ce in koya masa. Na nuna masa lambar, na ce in ta sauka zuwa hamsin ya tayar da ƙaramin janaretansa. Na ƙara da cewa ya rage buɗe firji, domin kowace buɗewa sanyi take fitarwa, ya riƙa duba mita kawai. Wannan jumlar ta ƙarshe a takardar bayani na karanta ta, ta fito daga bakina da kanta. Kawu yana tsaye a bakin ƙofar tirelar, hannunsa ɗaya a jikin ƙyaure. Kalma biyar sun isa in ce wa Dokta kada ya yarda da lambar. Na dubi Kawu, na dubi takalmana. Dokta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Injiniya," kuma shi ba da wasa yake faɗa ba. Ya ja kunkurunsa ya nufi Shinkafi.

Ranar Juma'a marka ta sauka. Kwana biyar rana ba ta fito ba, yayyafi yake yi ya tsaya ya dawo. Kowace safiya ina fitowa tsakar gida sai in ɗaga kai in duba sama. Na san abin da ke faruwa a cikin akwatin nan kamar ina ciki. Faifan sola ba ya samun komai sai ɗan abin da ba a rasa ba, firji yana ci, mita tana tsaye a ɗari. Ina da lambar wayar Dokta, domin a jikin tirela take rubuce. Sau uku na rubuta masa saƙo ina gogewa, don ban san yadda zan faɗa ba tare da sunan Kawu ya shiga ba. A rana ta huɗu na tura. Bai tafi ba. Babu sabis a can.

Ranar Alhamis da hantsi motar Dokta ta shigo gareji, laka har tagogi. Bai yi sallama ba. Ya buɗe tirela, ya fito da kwali, ya juye shi a kan bencin da nake zama. Ƙananan kwalabe suka gangara, wasu suka faɗi ƙasa.

A tsaye ya ba da labarin, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ajiye tirelar a gidan wani abokinsa a Shinkafi, yana kwana cikin gida saboda halin da ake ciki. Safe da yamma yana leƙawa ya ga ɗari, ya rufe ƙofa. Ƙarar ruwa a kan rufi ta hana shi lura cewa firji ya yi shiru. Ya riga ya aika wa wani ardo ta wajen Galadi cewa ranar Laraba zai zo a babur da allura. Makonni aka yi ana shirya ranar, domin a yanzu tara shanu wuri ɗaya kiran masifa ne, ba mai yarda sai da dalili mai ƙarfi. Mutane sun koro dabbobinsu tun asuba cikin ruwa. Shi kuma da ya buɗe firji don ya cika kularsa da kwalaben allura, sai ɗumi ya bugi fuskarsa.

"Da na so, da na tafi na yi musu allurar haka nan," in ji shi. "Ba wanda zai sani sai bayan wata biyu. Na hau babur na je na tsaya gaban dattijon nan hannu wofi. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce, Dokta, ka tara mu a fili, ka nuna wa daji yawan abin da muke da shi, sannan ka ce mu koma."

Kawu ya girgiza kai, ya yi salati. Ya leƙa cikin tirela ya dubi mita. Har lokacin ɗari take nunawa.

"Dokta, ni na hwaɗa maka. Kai kac ce a bar ma yarinya. Aikin takarda daban, aikin hannu daban."

Dokta ya juyo gare ni. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, na ji iska ta fita, amma babu magana a cikinta.

"Ke kika ce kada in buɗe firji," ya ce. "Na ɗauke ki kamar 'yata. In ba ki iya ba, me ya hana ki ce ba ki iya ba?"

Mai walda ya cire tabarau, abin da ban taɓa gani ba, ya goge, ya mayar. Yana nan ranar da Kawu ya mayar da wayar bodin kan batir, ya ji komai da kunnensa. Abin da ya ce shi ne, "Injiniya, ashe ke ɗari bisa ɗari kike ba kowa. Da ke am malama da ba mai hwaɗuwa jarabawa." Aka yi dariya, amma ba kamar kullum ba.

Kawu ya ce a ba shi awa ɗaya. Ya sa ni na riƙe masa kwanon sifanu. Ya shiga ƙarƙashin tirela da filaya yana datse ɗaurin da na yi, ɗaya bayan ɗaya, yana jefo guntayen waje don mutane su gani. Ya fizge filastocin da na rubuta wa suna. Ya zaro siririyar wayar daga cikin tiyo, ya busa bakinta, ya mayar da ita ta hanyar da take tun farko, sai dai yanzu a sake take tana lilo. Bayan haka ya zagayo gaban akwati, ya tsuguna ya ba mutane baya, ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba.

"Sha ukku."

Na ba shi. Ya kwance wayar bodi daga kan batir, ya mayar da ita bayan gada, a kan notin da na sa ta ranar Laraba da safe. Ni kaɗai nake tsaye inda ake ganin hannunsa.

Aka tayar da janareta, batir ya ɗan farfaɗo, firji ya yi gurnani ya kama. Mita ta nuna wuta tana fita. Dokta ya daɗe yana kallo, sannan ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu. Direbobi suka ce tsohon hannu ba wasa ba. Ni aka ce in share guntayen roba.

Ƙaura ba ta da girman da magana za ta kwana a wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo, matan unguwarmu sun san ɗiyar gidanmu ta kashe maganin shanun Galadi. Wata ta ce shanun ma sun mutu, alhali ko allura ba a yi musu ba. A gidan da nake salla, matar gidan ta ce in daina taɓa mata soket. Na gaya wa Inna gaskiyar yadda aka yi, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙanina ne. Da sana'ar nan yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Ke wata nawa ya rage miki a wurin?"

Mako uku ya rage. Na yi su da tsintsiya. Tirelar Dokta ta wuce ta gabanmu sau ɗaya, ta nufi Zurmi, an ce Birnin Tsaba zai je. Dokta ya ɗaga wa Kawu hannu. A cikin makonnin nan aka kawo wata motar sayar da ruwan sanyi a sa mata irin wannan mitar, domin labari ya bazu cewa Kawu ya iya. Ina kallo daga benci ya ɗaura wayar bodi a bayan gada tun karon farko, ba tare da ya tsaya tunani ba.

Ranar ƙarshe na kawo masa littafin. Ya sa gilashinsa, ya zauna, yana juya shafuka yana lasar yatsa. Kawu ba ya karanta Turanci, don haka na ɗauka zai wuce kai tsaye zuwa wurin sa hannu. Na manta da zane. Babu mai karanta zanen waya a garin nan kamarsa. Da ya kai shafi na sittin da uku sai ya tsaya. Ya bi zanen farko da farce, ya bi na biyu. Ya nuna rubutun da ke ƙasa.

"Nan mi kinka rubuta?"

Na fassara masa.

"Wa za shi karanta wanga?"

"Malamanmu."

"Malamanku motoci gare su. Nan suke kawo su gyara." Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Ba ni sa hannu bisa zagina. Gyara shi ki kawo."

Na ce shafukan masu lamba ne, ba a yagewa. Ya ce wannan kuma boko ne, ni na san shi.

Ranar Litinin ake karɓar littattafai a makaranta. Juma'a da Asabar littafin yana kan tabarmata a buɗe. Na gwada tunanin in kai shi haka nan babu sa hannu in yi wa malami bayani, sai na tuna yadda muryata take yi in an kalle ni. Na yi tunanin Dokta, amma yana Zurmi, kuma ko yana nan, ni ce na ce masa kada ya buɗe firji, wannan ba ƙarya aka yi mini ba. Baba ya tambaya sau ɗaya ko an sa hannu. Na ce saura kaɗan.

Ranar Lahadi da safe na yanki farar takarda daidai girman shafin. Na auna da rula. Na dama ɗan kwaki na shafa a gefuna, siriri, don kada ya yi tudu, na liƙa ta a kan zane biyun, na danne da dutsen guga mara wuta. Da ta bushe na yi zane ɗaya, wayar bodi a kan batir. A ƙasa na rubuta cewa ni na ɗaure ta haka bisa kuskure, mai gareji ya gano ya gyara. Na yi rubutun da kyau. Ban iya yin mummunan rubutu ba ko na so.

Na same shi shi kaɗai a gareji bayan azahar, yana cin gyaɗa, mai walda bai fito ba. Ya buɗe shafin, ya ɗaga shi sama ta wajen haske. Tsohon zanen yana ɗan nunawa ta ƙasa kamar jijiya a bayan hannu. Ya kalle shi, ya sauke littafin. Ya sa na fassara masa sabon rubutun, ya gyaɗa kai. Ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya buga. A wurin da aka tanada don ra'ayin mai wuri ya ce in rubuta da kaina cewa ina da ladabi.

Na rubuta. Na sa littafin a jaka, na rataya. Na kai bakin rumfa sai ƙafafuna suka tsaya. Wataƙila don ba kowa a wurin, wataƙila don ba abin da ya rage da za a ƙwace mini, muryata ta fito ba gargada.

"Kawu, yaushe ka gane ba nan take ba?"

Ya murza gyaɗa a tafin hannu, ya hure ɓawon, ya watsa a baki. Sai da ya tauna ya haɗiye.

"Tun kina cikin magana," ya ce. "Ba ki kai ƙarshe ba na gane. Da kin bari mutane sun watse kin hwaɗa mani mu biyu, da kahin magariba na mai da ita. Amma gaban mai walda kinka hwaɗi. Gaida Innakki."